Lambar Motar Yaya Tatsuo

Yayana Tatsuo ba wani shahararre ba ne. Awara yake yi tun yana saurayi har bayansa ya ranƙwafa. Abin tinƙahonsa ɗaya ne, tsohuwar motar babanmu, kuma ba ma motar ba, lambarta. Irin ta da ce, mai alƙalamin ƙidaya ɗaya tal a sama, ba uku ba kamar na yanzu. An daina buga irinta tuntuni, kuma da zarar an mayar da rajistar mota wata gunduma, lambar ta tafi ke nan, ko za ka yi kukan jini.

Da matarsa ta rasu, 'yarsa Sachie ta ɗauke shi ya koma gidanta a gundumar maƙwabta. Mijinta Noboru, yaron kirki amma sarkin rawar kai, ya ce shi zai ɗauke wa Baba wahalar zuwa ofishin rajistar mota. Ran nan sai ga shi da motar, sabuwar lamba fes tana ƙyalli, har ranar haihuwar Yaya ya zaɓo ta zama lambar. Ina wurin. Fuskar Yaya ta yi fari fat, amma ya rusuna ya yi godiya. Na buɗe baki zan wanke yaron tas, sai Yaya ya take mini ƙafa.

Da taron baje kolin tsofaffin motoci ya zo, Yaya ya ce ƙugunsa na ciwo. Noboru ya nace, ai shi zai tuƙa. Muna tsayawa tsohon abokin Yaya, Kuwabara, ya duƙa gaban motar, ya daɗe bai ɗago ba.

"Tatsuo, wane sakaran ne ya yi maka wannan ɓarna?"

"Ni ne," in ji Yaya. "Tsufa ne."

'Yan taron suka yi masa ca. Wani ya ce ko marar mota ya san wannan doka, wani ya ce ya zubar da amanar ubansa. Shi kuwa yana ta sunkuyawa yana ba su haƙuri, kamar wanda aka kama da sata. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Noboru na tsaye riƙe da ƙunshin abincinmu, kunnuwansa sun yi jajir.

Muka kamo hanyar gida. Can Noboru ya tsaya a gefen titi ya kashe mota, ya ce gobe zai koma ofishin ya roƙa a dawo da tsohuwar lambar.

"Sun riga sun daddatsa ta, ɗana," in ji Yaya. "Kuma kada Sachie ta ji."