Yadda Gajere Ya Gayyace Mu Da Rabin Aski

Rubuta yadda na faɗa, jikanyata, kar ki gyara mini baki. Labarin Gajere mai aski ne.

Shekara talatin da ɗaya yana yi mini aski a bayan tasha. Kujera ɗaya mai kuka, madubi mai tsaga, sai bencin da muke zama muna shara ƙarya. Kwatsam aka ce za a rushe layin a faɗaɗa titi. Ya samu shago can ƙarshen gari, a saman bene, sai ka hau mota biyu. Tsoronsa ɗaya: kar mu ƙi bin sa, ya zauna yana korar ƙuda.

'Yarsa mai aikin ofis ta buga katin gayyata mai ruwan gwal. Nawa na sa shi ƙarƙashin ƙafar tebur, teburin ya daina rawa. Ta tura saƙon murya a waya. Tela, abokin zamanmu a benci, ya saurara ya ce, "To, za mu gani." Kin san mai cewa haka ba zai zo ba.

Ranar Laraba na zauna a kujera. Gajere ya aske mini ɓarin dama ƙwal, sai ya kashe inji ya kakkaɓe ƙyalle.

"Tashi, yaya."

"Wuta aka ɗauke?"

"Wuta na nan. Sauran sai Asabar, ƙarfe goma, a sabon shago."

"Gajere, ka haukace ne?"

"Wancan katin ka ba tebur. Wannan ka sa shi cikin hula ka adana."

Daina dariya, biro zai zame miki! Kika ce in je wurin wani mai askin? In buɗe wa baƙo wannan kai, rabi fili rabi daji? Kakarki da ta gani sai da ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Kwana uku da hula nake cin abinci, wanka kaɗai ke raba mu.

Asabar na shiga mota, sai ga Tela da hula har kunne. Ga Direba, ga Mai Nama. Muka kalli juna, kowa ya ƙara jan hularsa. Da muka isa, matakalar bene ta cika har titi, mu ashirin da shida. Gajere ya leƙo ya ce, "Jama'a, a nuna kati!" Muka tuɓe huluna gaba ɗaya. Wayyo cikina! Don dariya 'yarsa ta kasa riƙe waya ta ɗauki hoto.

Mutanen unguwar suka ga layi, suka ce lallai gwani ya sauka, suka bi bayanmu. Har yau suna zuwa.

Ana cikin haka sai ga Mai Gyaran Rediyo yana huci. Shi sanƙo gare shi, kansa kamar ƙwai.

"Gajere! Don ba ni da gashi shi ne ba a gayyace ni ba?"

"Yi haƙuri, zauna."

Ya aske masa rabin gashin baki, ya ce ya koma ƙarshen layi. Ya kuwa koma, ya rufe baki da hannu yana murna.

Yanzu duk wata mota biyu nake hawa. Amma ba na rufe ido sai na ga ya taɓa ɓarin hagu.