Arba'in da Bakwai ga Kowa

Tana danna madannin sai allon ya rubuto mata cewa an gyara makin ɗalibai ɗari shida da goma sha biyu. Ɗaya ta yi niyya, wata 'yar aji uku da aka yi wa kuskure a lissafi, za a mayar mata da arba'in da bakwai. Ta buɗe aji ɗaya, kowa arba'in da bakwai. Ta buɗe aji shida, haka, har da wanda bai taɓa sauka daga na ɗaya ba. 

'Yar Kwamfuta ake ce mata a makarantar. Tana gama jami'a aka ɗauke ta gwaji na wata shida, aka share mata tsohon sito a ƙarshen baranda, da tebur da fanka mai kuka da karyayyun kujeru jibge har rufi. Malamai na can ɗakinsu suna shewa, ita kuwa a gaban allo take buɗe kwanon abincinta. A gida ma in ta ɗauko labarin aiki, innarta kan ce, "To, Allah ya taimaka," ta ci gaba da ninke wanki.

Ita kaɗai ta rubuta manhajar. Malami zai buɗe shafi a wayarsa, ya sa lambar ɗalibi da maki, saƙon ya iso kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinta, manhajar kuma ta gyara a rumbun bayanai. Jiya da la'asar, garin gwada wani abu, ta cire layin da ke faɗin wane ɗalibi za a gyara, da nufin mayarwa da safe. Ba mai duba aikinta balle ya tuna mata. Kwafin ajiya kuwa, rabonta da yi tun farkon zango.

Mutum ɗaya ne ke leƙo ta, Baba Akawu, wanda ya shekara talatin yana shigar da maki da biro kafin zuwanta. Yau ma ya turo ƙofa da tsokanarsa.

"'Yata, yaya na gan ki zuru, kamar an kawo miki sammaci?"

"Baba, makin lissafi ya tafi. Na kowa."

"Ya tafi ina? Ƙafa gare shi?"

Ta juya masa allon. Ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa har ƙasa, dariyar ta ɗauke.

"Takardun da malamai suka cika fa, Baba?"

"Ke kika miƙe a taro kika ce takarda cin wuri take yi." Ba da faɗa ya faɗa ba. "Buhu uku, har da na jarrabawar. Mai sayen tsofaffin takardu ya kwashe a kurarsa ranar Litinin."

Ta sunkuyar da kai. Jibi za a raba sakamako, kuma da shi shugaban makaranta zai yanke ko a riƙe ta ko a sallame ta.

Baba Akawu ya gyara zaman hularsa. "Na san kwanar da yake ajiye kurar. In bai rabar da su ba, zan buga miki. Kada ki taɓa komai."

Abu ɗaya ta taɓa, ta mayar da layin nan wurinsa. Aka kaɗa ƙararrawar tashi, yara suka wuce ta bakin tagarta da gudu, baranda ta yi tsit. Ta ajiye wayar kusa da kwanon da ba ta buɗe ba. Har yanzu Baba Akawu bai bugo ba.