Rumanin Kawu Tanuf

Duk tsibirin Sukutura ban san makiyayin da ya taɓa korar akuyarsa saboda itace ba sai kawuna Tanuf. Itacen ma wane iri? Rumanin dutse, ɗan guntu, mai 'ya'ya masu ɗaci kamar maɗaci, wanda masu jiragen ruwa suka ce ba su taɓa ganinsa a wata ƙasa ba. Kawu ya kewaye shi da katangar duwatsu a ƙofar gidansa a kan tsauni, don matarsa Nuwaira na son furensa ja-ja.

"Kai Tanuf, gadin abin da ko hankaka ba ya ci kake yi?" in ji maƙwabcinsa Salmin.

"Kai ma ai ba ka da amfani, amma ga shi muna ba ka madara," in ji Kawu.

Shekarar da ciwo ya kwantar da Nuwaira, ɗan'uwanta ya kai ta asibiti a birnin Mukalla, can ƙetaren teku, a jirgin ƙarshe kafin iska ta rufe teku. Kawu ya tsaya da awaki. Wata huɗu ba shiga ba fita. Da teku ta lafa, jirgin farko ya zo da shinkafa da labarin cewa an binne ta tun wata uku da suka wuce.

Sau uku Kawu yana ƙetare teku da dashen rumani a tulu, yana hana kansa ruwan sha ya ba shi, ya dasa a kan kabarinta. Sau uku dashen yana bushewa. Haushi ya ishe ni, na ce, "Kawu, don Allah ka haƙura, icen nan ba ya son ƙasar mutane."

"Ita ma ba ta so ba, 'yata."

Har yau maganar na yi mini ciwo.

A karo na huɗu ya tafi da tulun ba komai a ciki. Salmin ya ce tsufa ya fara taɓa shi. Bayan sati uku ya dawo, yana rungume da tulun, nauyi har ya karkatar da shi. Ƙasar gefen kabarinta ce. Ya hau tsauni, ya tsallaka katangar, ya juye ta a gindin rumanin, ya daddanna da tafin hannu.

"Sannu da hanya, Nuwaira," in ji shi. "Kin daɗe."