Shu'aibu Ba Shara Ya Je Yi Ba

Ina shirin fita makaranta da safen nan ƙanwar abokina ta kira ni. Shu'aibu ya rasu a Kanada, ciwon zuciya. Mu na Allah ne, gare Shi za mu koma.

Ban gama share hawaye ba sai ga hotonsa a group ɗinmu na tsofaffin ɗalibai, da rigar leburori a jikinsa, riƙe da shebur cikin dusar ƙanƙara. Wani ya rubuta a ƙasa: "Allah ya jiƙansa. Ashe duk digirin nan shara ya je yi wa Turawa."

Ko binne shi ba a yi ba. Haba jama'a!

Ko da sharar ce, sai me? Amma bari in gaya muku abin da ke cikin hoton, tunda ba wanda ya tambaya kafin ya tura.

Lissafi yake koyarwa a can, kamar yadda ya koyar a makarantarmu nan Keffi. A garin da yake zaune can akwai wani makeken lambun shaƙatawa inda ake zamiya a kan dusar ƙanƙara, tafiya mai nisa a kan dogayen katakai sirara, da sanda biyu a hannu. Hanyar ba ta gyara kanta. 'Yan wani kulob na sa kai ne ke fita Asabar da Lahadi da inji da shebur, su danne dusar, su ja layi biyu da ƙafa za ta bi. Yana cikinsu, kuma ba wanda ya sa shi.

Da yake ɗan manomin Agwada ne, huɗa yake kiran aikin. Ya taɓa kirana ransa a ɓace: "Malam Bala, wani ya tattake mini layi shi da karensa! Kamar a bi ta kan kunyar doya fa."

Mu 'yan Angwan Iya ba mu yi mamaki ba. Wa ke yashe kwatar bakin masallaci kafin damina? Ranar da babur ɗina ya faɗa ramin ƙofar makaranta, washegari na tarar ya cike shi da jar ƙasa.

Rabona da shi Babbar Sallar bara, da na raka shi Garaku. Na ce, "Kai da ko ruwan firij ba ka sha, yau kai ne cikin ƙanƙara?" Ya yi dariya. "Zamiyar har yau faɗuwa nake yi. Hanyar ce na iya."

Abin da ya fi ƙona mini rai, maganar ta riga ni isa gidansu. Inna, mahaifiyarsa, ta riƙe hannuna. "Bala, kai ba za ka yi mini ƙarya ba. Wahala yaron nan yake sha yana ɓoye mini?"

Na nuna mata bidiyon da ya turo mini, tsofaffi da mata suna zamewa a jere, suna ɗaga masa hannu. Sau uku ta kalla.

"Duk waɗannan hanyarsa suke bi?"

Na ce e, Inna. Sai a lokacin ta iya yin kuka.

Kai da ka rubuta, ka san kanka. Ka goge, ka je ka ba tsohuwar nan haƙuri.

Ya Allah Ka gafarta wa Shu'aibu, Ka haskaka kabarinsa, Ka sauƙaƙa masa ƙetare siraɗi. Don Allah, duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya haɗa da Inna.