Mai Goge Daɓe da Waƙar Samari Biyar

Yana goge daɓen tashar jirgin ƙasa. Dogo ne, furfura ta fara cin sajensa, kunnensa na hagu da tsohon huji da ya kusa toshewa. Lasifika ta sako waƙar nan ta samari biyar, wadda muka haddace muna 'yan mata, har yau kuma rediyo bai gaji da ita ba.

Fasinjoji na bin baiti. Shi kuwa sai an zo amshi yake shigowa da wata murya can ƙasa, wadda ban taɓa lura tana cikin waƙar ba. Ƙafarsa ta zame gefe ta dawo, daidai da kiɗan.

Mai sayar da tikiti ta leƙo tana dariya. "Baba, kai ma ka iya ta?"

"Ina ɗan taɓawa, 'yata."

Ina ta ƙoƙarin tuno hoton da ke jikin kaset ɗin. Fuskar na tsakiya kaɗai nake gani, sauran huɗun ko sunan ɗaya ban riƙe ba. Ina son tambayarsa, kunya ta hana ni.

Ya matse tsumma, ya ce, "Hajiya, ɗan ɗaga ƙafarki."