Kwanon Aji Uku

Ina cikin shekarata ta biyu da fara koyarwa iska ta kwashe rufin aji uku. Farkon shekarun tamanin ne, muna ƙarƙashin Kaduna tukuna. Ina gama kwalejin horon malamai aka turo ni firamaren ƙauyenmu, can cikin gonakin auduga tsakanin Funtua da Malumfashi. Ruwan farko ne ya zo da la'asar, Allah ya taimaka yara sun tashi. Da safe muka tarar da kwanon a murɗe cikin gonar maƙwabcin makaranta, katakon rufin ya karye ya faɗo kan bencina.

Ajina ne. Sai muka koma gindin ɗorawa, na jingine allo a jikin itacen. Damina guda cur ina koyarwa ido ɗaya a kan yara, ɗaya a gabas. Da hadari ya taso sai in ce kowa ya ruga gida. Wani makon kwana biyu kawai za mu yi karatu. Hedimastanmu, dattijo mai haƙuri da tsoron manya, ya rubuta wa ƙaramar hukuma takarda har sau uku. Ko amsar cewa ta iso bai samu ba.

Da kaka ta yi, ran kasuwa, mai shela ya zagaya yana cewa sabon ciyaman na son jin bakin talakawa kafin a tsara kasafin kuɗin baɗi. Kowane ƙauye ya turo wakilai hedikwata ranar Laraba, su faɗi abin da suka fi buƙata. Ba mu taɓa jin irin wannan ba. Mutane suka yi ta murna kamar an riga an yi musu aikin.

Dagaci ya tara mu a filin makaranta. Liman ya zo, fasto ya zo, ga mahaifina wanda manomi ne kuma dattijon coci, ga wani Alhaji mai sayen auduga da ke da akori-kura. An ce abu ɗaya kawai za a roƙa, a nan gardama ta kaure. Mata na son rijiya, don tasu takan ƙafe tun kafin bazara. Masu amalanke na son kwalbati a rafin da ke yanke mu daga titi. Har murya ta fara tashi, sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta miƙe, ta ce ita ta saba tafiya rafi tun tana yarinya, za ta ƙara shekara ɗaya, amma jikokinta ba za su ƙara damina a gindin bishiya ba. Daga baya matan suka ce sun yarda. Har yau idan na tuna sun haƙura da rijiyarsu saboda wannan taron, raina ɓaci yake.

Ni aka sa na rubuta buƙatar, wai rubutuna ya fi kyau. Aka zaɓi mahaifina ya yi magana, don ba ya in-ina a gaban manya.

Ranar Laraba muka cika motar Alhaji tun hantsi bai yi ba. Lokacin cirar auduga ne, kowa ya bar gonarsa fari fat ya taho. Baba ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya yi ta maimaita jawabinsa a hanya, ƙasa-ƙasa. An ce ƙarfe goma, amma ba a fara ba sai bayan azahar. Mu muna kan benci a rana tare da mutanen ƙauyuka da yawa, su kuma manya suna cikin rumfa, gabansu kwalaben lemo. Wani mai hoto na ta kai da kawowa.

Da aka kira ƙauyenmu Baba ya tashi, ya cire hula ya riƙe a hannu biyu.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "mu ba mu zo da dogon lissafi ba. Kwano muke roƙo da katako, na aji ɗaya. Aikin ɗorawa mu za mu yi da hannunmu."

Ciyaman ya gyaɗa kai. Sakataren hukuma ya duƙa yana rubutu, ya ɗago ya ce, "An ji, Baba, an rubuta." Aka tafa. Baba ya dawo ya zauna, fuskarsa cike da annuri.

Tsohuwar nan mai daddawa ta biyo mu, rana kuma ta fara galabaitar da ita. Na tashi neman ruwa, na zagaya bayan ofisoshi. Ƙofa ɗaya ce a buɗe, ɗakin masu tafireta. Wadda na tarar a ciki ƙawata ce, tare muka yi makarantar kwana. Muka rungume juna, ta nuna mini randa. Ina ɗiban ruwan idona ya kai kan tarin takardun da take jerawa tana ɗinkewa. A saman kowace an rubuta kasafin kuɗin shekara mai zuwa, ga hatimi, ga sa hannu.

Na ajiye moɗa na ɗauki ɗaya. Na buɗe sashen ilimi, na bi da yatsa daga sama har ƙasa, na sake bi. Babu makarantarmu. Na juya shafi. Akwai katangar sakatariya da sabuwar ƙofar ƙarfe. Akwai gidan saukar baƙi. Akwai mota, akwai labule da kujerun ofis.

"Wannan na bara ne ko?" na tambaye ta, ko da yake na ga shekarar da idona.

Ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Na baɗi ne. Tun makon jiya aka kai Kaduna. Waɗannan na kansiloli ne."

"To taron da ake yi a waje fa?"

"Daga sama aka ce a yi taro, a aika da hoto. Don Allah ajiye, kada ki ja mini."

Na ajiye. Na kai wa tsohuwa ruwanta. Wani dattijo daga wani ƙauye yana tsaye a lokacin, shi ma hula a hannu, yana roƙon ɗakin shan magani. Sakatare na duƙe yana rubutu. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya."

"Malama, wakilinku ya riga ya yi magana," in ji sakatare.

"Ba roƙo zan yi ba. Abin da kake rubutawa, a ina za a sa shi? Kasafin ai an gama shi, an buga, an kai Kaduna. Na gan shi yanzu da idona. Akwai labule a ciki, babu rufin ajinmu."

Na zaci mutane za su tashi. Na zaci ciyaman zai musa, ko ya ji kunya. Dariya ya yi, ya kurɓi lemonsa, ya ce, "Malama, takarda ce fa, ana iya gyara ta. Yarinya ce, ku yi mata uzuri." Waɗanda ke rumfa suka taya shi dariya. Hedimasta ya jawo gefen mayafina yana cewa, "Zauna, don girman Allah zauna." Wasu daga cikin waɗanda aka shanya a rana tare da ni suka fara cewa mace ba ta da ta-ido. Aka kira ƙauye na gaba, wakilinsu ya tashi ya cire hula.

Da yamma muka komo a motar Alhaji. Sai da muka sauka, muna tafiya gida mu biyu, Baba ya ce, "Gaskiya kika faɗa, ban ce kin yi laifi ba." Ya yi 'yan taku, ya ƙara da cewa, "Ni dai da na sani, da ban cire musu hulata ba." Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ciyaman ya ce mini yarinya a bainar jama'a, na shanye. Wannan maganar ta Baba ce ta hana ni cin tuwo ran nan.

Kwana goma sha biyu tsakani takarda ta zo daga ofishin da ya kasa amsa wa hedimasta wasiƙa uku. An mayar da ni wata makaranta a ƙarshen iyakar hukumar, inda mota ke shiga ran kasuwa kaɗai. Ƙawata mai tafireta ita ma an ɗauke ta daga hedikwata. Na rubuta mata sau biyu ina ba ta haƙuri, ba ta amsa ba, kuma ban ga laifinta ba. Ita ce ta biya kuɗin bakina, alhali ta roƙe ni.

Mutanen ƙauyenmu suka jira har aka gama sayar da auduga, babu labari. Sai kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa. Alhaji ya ɗauko kwano daga Funtua bai karɓi kuɗin mota ba. Samarin masallaci da na coci suka hau suka buga cikin kwana biyu, mata suka dafa musu dambu. Rijiya kuwa ba a sake zancenta ba.

Da na zo hutu na tarar da wani farin allo kafe a gaban aji uku, an rubuta da jan fenti cewa aikin ƙaramar hukuma ne. Ƙanwata ta ba ni labari: kansila ne ya zo da mai hoto, aka jera yara suka yi waƙa, aka tafa, suka tafi. An aika wa Baba ya zo cikin dattawa ya tsaya a hoton. Ya ce a gaya musu yana da aiki, ya ɗauki gatarinsa ya tafi sassabe.

Na je wurin hedimasta na ce a tumɓuke allon. Ya dube ni ya ce saura shekara biyu ya yi ritaya, in rufa masa asiri. Na fito na tsaya a gaban allon ina karanta shi, wasu yaran da na koyar a bara suka rugo suna gaishe ni. Ɗaya ta nuna jan rubutun, ta karanta mini shi tiryan-tiryan don in ga ta iya. Na ce mata ta yi ƙoƙari. Sannan na zaunar da su a kan dakali, na lissafa musu gidajen da suka sayi kwanon ɗaya bayan ɗaya, na sa suka maimaita har suka haddace.