Yatsu Huɗu da Dutsen Niƙan Inna

Yayana direba ne, kuma a duk Dogon Dutsi ban san mai taurin kai irin nasa a kan lodi ba. Motarsa buɗaɗɗiya ce, irin wadda muke kira bashe. A jikin ƙofarta akwai ɗan ƙarfe da maƙeranta suka buga iyakar nauyin da za ta ɗauka a kansa. Ya taɓa gaya mini cewa sai da suka gwada sifirin da tayoyi da birki, wanda ya fi rauni a cikinsu shi ya yanke adadin, kuma har direba da fasinja suna ciki. Amma a kan kwalta suka gwada, ba a rairayin hanyar ƙauyenmu Sukukutane ba. Don haka ya yi nasa ma'aunin: idan an gama lodi sai ya durƙusa ya zura hannu tsakanin tayar baya da jikin mota. Yatsu huɗu suka shiga, a tafi. Uku ne, ko kai wane ne sai an sauke wani abu.

Shekarar da mahaifinmu ya rasu muka je ƙauye ɗauko Inna. Ƙafafunta sun fara kumbura, babu mai ɗebo mata ruwa, kuma da ƙyar da lallami ta yarda ta bar gidan. Muka loda buhunan hatsi, da gado, da turmi, da tukwane. Na hau baya, Yaya ya durƙusa, yatsu huɗu cif. Sai Inna ta nuna dutsen niƙanta, wanda ta gada wurin tata uwar. Muka ɗora shi muna nishi, na koma baya na zauna, yatsu suka koma uku.

"Inna, mota ta ƙoshi," in ji Yaya. "Akwai injin niƙa bakin ƙohwar gida. Mi za ki yi da dutsi?"

"Ba ni zuwa in babu shi," ta ce, ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa.

Ni sarkin dabara na ce a ɗaura amalanken Baba a baya, a sa dutsen ciki. Yaya ya harare ni. Ya ce ja ma lodi ne: hannun amalanke zai danne bayan mota, kuma a gangare birki ba zai tsayar da biyu ba. Hatsi kuwa Inna ta ce ko tiya ba za a taɓa ba, noman mijinta ne na ƙarshe. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na san idan ta koma ɗaki ba za ta sake fitowa ba.

Can Yaya ya dubi tumbina. "Sabko in gani." Na sauko, ya zura hannu, huɗu.

"To Inna, ki zaɓa. Ɗanki ko dutsi?"

Ko numfasawa ba ta yi ba. "Shi yana da ƙahwahu."

Haka na tsaya a ƙofar gida ina kallon mota ta tafi da uwata da dutsenta. Motar kasuwa na biyo daga baya, kuma har yau 'yan'uwa na kirana ƙanen dutsi. Inna ba ta taɓa niƙa komai a kansa a gari ba. Kusa da shi dai take shimfiɗa tabarmarta da hantsi, ta dafa shi idan za ta tashi.

Da ta rasu, muka cika mata wasiyyarta ta a kai ta ƙauye a binne ta kusa da Baba. A bashen nan muka sa ta. Kafin mu tashi Yaya ya durƙusa wurin taya kamar kullum, ba tare da ya yi tunani ba. Hannunsa duka ya shige, har wuyan hannu. Ya daɗe a durƙushe bai zare shi ba, ni kuma na kasa ce masa mu tafi.